Kaskon Apo da Wandalawa

Ina da shekara goma sha biyu muka zauna a Guangzhou, a wani lungu da ke bayan titin Huanshi. Baba ya daɗe yana saro kaya a Bangkok yana aikawa Kantin Kwari, da kasuwar can ta rikice sai ya bi abokansa zuwa China. Baƙar fata ba su da yawa a garin a lokacin, masu iyali kuwa ban san kowa ba sai mu. Sauran duk maza ne, suna kwana a masauki, mutum uku ko huɗu a ɗaki, kwalayen kaya jibge har rufi. Baba ya ce shi ya gaji da zaman gwauro da ganin 'yarsa a hoto. Ya sha yawo kafin ya sami wanda zai ba shi hayar gida. Duk inda ya je, da an ga fuskarsa sai a kaɗa hannu a ce “meyo”, wato babu. Ita ce kalmar Sinanci ta farko da na koya, tun kafin gaisuwa.

Wadda ta yarda wata tsohuwa ce, 'yar guntuwa, mai haƙorin azurfa ɗaya. Kowa a lungun Apo yake ce mata, kamar yadda mu za mu ce Kaka. Ɗanta ya ɗauke ta zuwa wani sabon dogon bene, tsohon gidan ya zauna babu kowa. Sharaɗi ɗaya ta kafa. A bangon da ke tsakanin falo da kicin akwai wata 'yar kanta, a kanta akwai jan katako mai rubutun ruwan zinare, da ƙananan kofuna uku, da wani kaskon tagulla mai ƙafa uku, baƙi ƙirin, cike da toka har baki. Ta ce waɗannan za su zauna inda suke, kuma za ta riƙa zuwa sau biyu a wata tana kunna musu turaren tsinke.

Ranar da muka tare Baba ya rataya labule a gaban kantar. Ya ce babu gunki, sunayen matattunsu ne a jikin katakon, kuma alƙibla ma ba ta wajen take ba. Sannan ya zaunar da mu, ni da Umma, ya ce, “Ku ji da kyau. Gidan nan shi ne zamanmu tare. In muka rasa shi babu wani. Ku sai Kano, ni sai masauki.”

Umma ta ce, “Alhaji, yau muka shigo, har ka fara kiran fita?”

Ya yi dariya, ya dafa kaina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ya ce, “Uwata ta ji ni, ko ke ba ki ji ba.”

Ni ba mai magana ba ce. In baƙo ya shigo, bayan ƙofa nake komawa in yi ta kallo ta tsagar da ke wajen maɓallin. Ta nan na san Apo. Takan hawo matakala tana haki, da lemu a jaka, ta zauna sai numfashinta ya dawo, sannan ta ɗage labulen. Ta zuba shayi a kofunan nan, ta kunna tsinke uku, ta rusuna, ta soke su a cikin toka, tana magana ƙasa-ƙasa irin ta mai ba wa miji labarin cefane. Kafin ta tafi sai ta ciro wani ɗan cokali daga aljihu ta shafe saman tokar da bayansa, ta daddanna. In wata ta zuba a kan kantar, sai ta kwashe da takarda ta mayar. Na ga wannan sau da yawa. Na ɗauka tsimi ne irin na tsofaffi, don na ga har igiyar ɗaurin kayan miya takan warware ta ajiye.

Tsakaninta da Umma babu kalma ɗaya da suka haɗa, amma hira suke yi. Umma ta yi Hausa, Apo ta yi nata, kowa ya yi dariya a inda ya ga ya dace. Da muka yi wata biyu Umma ta yi ɓari. Ta kwanta, ta rame, babu 'yar uwa, babu maƙwabciya, sai ni da ban iya komai ba sai dafa ruwan zafi. Apo ta zo ta gan ta, ta tafi, ta dawo da farfesun kaza a kwanon sha. Baba ya yi ta godiya, ya nuna wuyansa da yatsa, ya girgiza kai: ba yankan Musulmi ba ce. Na ɗauka za ta yi fushi. Washegari sai ga ta da kaza mai rai, ƙafafu a ɗaure, ta miƙa wa Baba, ta nuna wuyanta ita ma, tana hararar sa. Ya yanka a baranda. Ta fige, ta dafa a tukunyarmu da citta da wani jan dabino. Da ta zaro wata 'yar kwalba za ta tsiyaya, Baba ya shinshina ya ce, “A'uzubillahi, Apo, meyo, meyo!” Ta mayar da kwalbar tana ta mita, ga alama cewa take mutanen nan ba su san magani ba. Ita ta tallabo kan Umma ta ba ta romon da cokali.

Bayan ta warke Umma takan ce, “Tsohuwar nan ta yi mini abin da uwa take yi. Ban san da me zan saka mata ba.”

Makarantata falon wata mata ce 'yar Tunis, matar wani mai aika kaya ta jirgin ruwa. Ustaza muke ce mata. Mu bakwai ne, 'ya'yan Yamalawa da na mutanen Sham, sai ni. Tana koya mana Larabci da lissafi da Turanci, in kewar gida ta taso mata kuma sai tarihi. Da azumi ya kama, muka zama kamar kajin da ruwa ya doka, ta ga lissafi ba ya shiga, sai ta sauko da wani hoto daga bango. Kufai ne a bakin teku, ginshiƙan dutse a karye, ita tana yarinya tsaye a kan ɗaya. Ta ce sunan wurin Kartaj, kuma akwai wasu mutane da suka taɓa mulkinsa, ana ce musu Wandalawa.

Ta ce daga can arewacin Turai suka fito, dangin Jamusawa ne na dā. Yaƙi da yunwa suka taso su, suka yi ta tafiya da matansu da tsofaffinsu da shanunsu, duk inda suka sauka a kore su ko su kori na wurin. Suka ratsa ƙasashe har Andalus, daga nan sarkinsu, wani gurgu mai wayon tsiya, ya zuba su a jirage suka haye zuwa Afirka. Suka ƙwace Kartaj daga hannun Rumawa, suka zauna wajen shekara ɗari. Suka koyi tuƙin jirgi, suka koyi shiga gidan wanka, suka sa alharini, mawaƙa suna yi musu waƙa da harshen Rumawan da suka kora. Wata shekara suka haye teku suka shiga birnin Rum kansa, suka yi mako biyu suna kwasar dukiya da bayi.

Wata 'yar Yaman da ke zama kusa da ni ta ce, “Suka ƙone shi ƙurmus!”

Ustaza ta ce, “Wa ya gaya miki?”

“Babana, in ƙanena ya fasa kofi, Bawandale yake ce masa.”

“To ki gaya wa babanki ba su ƙone ba. Sun yi sata, sun kama mutane, sun takura wa limaman cocin da ba su bin ɗariƙarsu. Ba waliyyai ba ne. Amma birnin yana tsaye suka bar shi. Rumawan da kansu suka yi ta ɓalle duwatsun tsofaffin gine-ginensu suna gina sababbi.”

Ta ce a ƙarshe sarkin Rumawan gabas ya aiko da runduna aka murƙushe su. Aka kwashe mazan aka kai su yaƙi wata uwa duniya, sauran suka narke cikin jama'a. Harshensu ya mutu, sai 'yan kalmomi da ba su cika tafin hannu ba. Kusan duk abin da aka sani game da su, waɗanda suka tsane su ne suka rubuta. Bayan shekara dubu da ɗoriya, wani limamin coci a Faransa yana neman sunan da zai ba masu farfasa kayan tarihi, sai ya tono nasu. Tun daga nan duk wanda ya lalata abin da ba nasa ba, da sunansu ake kiransa.

Da buɗa baki na ba Baba labarin, a hankali, ina kallon kofin kununa. Ya tsaya da dabino a hannu. Ya ce shi ya san sunan tun yana yaro. Lokacin yaƙin basasa, da shi rediyon ɗaya ɓangaren take kiran sojojinmu. Ya ce, “Ni na ɗauka wani zagi ne kawai na Turawa. Ashe mutane ne, da mata da 'ya'ya?”

Umma ta ce, “To su ina 'yan uwansu da ba za su tsaya musu ba?”

Na ce, “Babu. Sun ƙare.”

Ta ce, “Allah sarki,” ta miƙo wa Baba ƙosai.

A shekarar, Ƙaramar Sallah da sabuwar shekarar Sinawa tare suka zo, kusan rana ɗaya. Lungunmu ya kacame da shara. Kowa ya fito da tabarmi da kujeru ana wankewa, ana goge tagogi, ana liƙa jajayen takardu a ƙofa, ana shigo da 'yan bishiyoyin lemu a tukwane. Umma ta leƙa ta baranda ta ce, “Ashe su ma sun san sharar Sallah.” Ta ɗaura ɗamara. Ta wanke labulaye, ta kankare bangon kicin, ta fitar da tukwane. Umma Bakanuwa ce ta cikin birni, irin matan da in sun shiga ɗakin mace, kaskon turarenta suke fara dubawa. A wurinta, kasko ya cika da toka har ya yi baƙi, alama ce ta tsohuwar da ba ta da 'ya mace. Kuma tunda muka zo take kukan rashin toka, don a kan gas muke girki, tana cewa sabulun ruwan nan nasu ba ya fitar da gindin tukunya.

Na dawo daga makaranta da azahar na tarar da ita tana murmushi, hannayenta sun yi fari saboda ruwa. Ta ce, “Zo ki gani.” Ta ɗage labulen.

Katakon da kofunan suna nan yadda suke, ba ta taɓa su ba. Kaskon kuwa ban gane shi ba. Yana ta walƙiya kamar sabon ɗan kunne. Ashe akwai zane a jikinsa, kifaye biyu da gajimare, har da wani ɗan rubutu a gindi. Ta zuba masa farin yashi mai tsabta da ta roƙo a inda ake gini, ta ajiye ƙullin turaren wutarta na Barno a gefe, wanda ba ta ƙona shi sai ranar Juma'a.

Ta ce, “Da tokarsa na goge shi. Toka mai laushi kamar hoda, ban taɓa ganin irinta ba. Dubi tukwanena ma.”

Na dubi tukwanen, suna jere a kife suna ɗaukar ido. Na ce, “Umma, sauran tokar fa?”

“Ta bi rariya mana. Ko sha za a yi?”

Na tuna cokalin nan na Apo da takardar. Amma ban san me na sani ba. Ko Baba da ya dawo daga Kanan, kasuwar tufafin da yake saro kaya, tsayawa ya yi yana kallo, ya ce, “Hajiya, na ce fa a bar musu kayansu.” Ta ce ai ba ta ɗauke ba, wankewa ta yi. Ya sosa gemu ya ce, “Ya dai yi kyau.”

Apo ta zo ana jajibirin shekararsu, da sabuwar riga ja, da reshen fure a hannu, da wata 'yar jar ambulan ta kuɗin barka da shekara da ta cusa mini a aljihu tun a bakin ƙofa. Umma ta tsaya a bayanta tana goge hannu da zani, tana jiran ta ga murna. Apo ta ɗage labulen.

Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sa yatsa a cikin yashin, ta tona har ƙasa, ta ciro yatsan ta duba. Ta sake tonawa. Furen ya faɗi. Ta juyo ta kalli Umma, Umma tana murmushi har lokacin, tana nuna mata kifayen. Sai tsohuwar ta yi wani sauti daga maƙogwaro, ba kuka ba, kamar an taka ɗan kare, ta nufi kicin. Ta zazzage kwandon shara a ƙasa ta bi shi da hannu. Ta durƙusa a bakin rariya ta zura yatsu. Ta ɗaga tukwanen Umma ɗaya bayan ɗaya tana duba gindinsu. A ƙarshe ta ga soson ƙarfen da aka yi gugar da shi, da ɗan toka-toka maƙale a cikinsa. Ta ciro hankici, ta naɗe soson da hannu biyu kamar jariri, ta sa a ƙirji. Ta fita ba ta kalli kowa ba. Muna jin takunta har ƙasa.

Umma ta ce, “Ke, me na yi?”

Ranar Sallah muka ji amsar. Baba ya dawo daga idi da babbar riga, tare da wani abokinsa ɗan zangon Kumasi da muke ce wa Kawu, wanda ya fi kowa jin Sinanci a cikinsu, Hausarsa kuwa ba ta raba mace da namiji. Tuwo yana kan wuta ɗan Apo ya buga ƙofa. Mutum ne mai ƙiba da waya a ɗaure a ƙugu, Baba yana ce masa Loban, wato mai gida. Bai zauna ba. Ya yi magana mai tsawo, yana nuna kantar. Kawu yana saurare, fuskarsa tana sauyawa.

Kawu ya ce, “Alhaji, magana ya yi nauyi. Tokan nan ba toka ba ne kawai. Kakan mijin tsohuwa ne ya ɗebo shi daga ɗakin kakanninsu a ƙauye. Tun daga nan duk turaren da aka ƙona wa wanda ya mutu, a ciki yake. Na mijinta ma a ciki yake. Ƙauyen yanzu babu, an yi masana'anta a wurin. Ya ce lokacin da samari suke bi gida-gida suna fasa irin kayan nan, uwarsa cikin tulun shinkafa ya ɓoye kaskon, shekara da shekaru. Da an kama shi da ya sha wuya.”

Umma tana bakin ƙofar kicin da muciya a hannu. Ta ce, “Kawu, ka gaya masa ni wanke mata na yi. Wallahi alheri na nufa. Ka gaya masa ita ta ba ni romo a baki.”

Kawu ya faɗa. Loban ya amsa da gajeriyar magana.

“Ya ce ya sani, Hajiya. Ya ce tsohuwa ma ya sani. Ya ce tun jiya bai ci abinci ba, soso kawai yake riƙe.”

Baba ya cire hula. Ban taɓa ganin kansa a buɗe gaban baƙo ba. Ya ce a tambaye shi me za a yi, ko akwai inda ake samo irinta, ko da Hong Kong ne zai je. Kawu bai ma fassara ba, ya ce, “Alhaji, ƙasar kabarin babanka ana sayar da shi a kasuwa?” Loban ya ɗauki katakon da kofunan ya naɗe a jan ƙyalle. Kaskon ya juye yashin a tsakar falonmu, a kan dardumar da Umma ta wanke, ya sa shi a hammata. Ya ce in hutun shekara ya ƙare mu bar gidan. Tuwon Sallar nan ya ƙone, babu wanda ya tuna da shi.

Abin da ya biyo baya ni na fi kowa ganinsa, don ni ce mai bin lungun kullum da jakar makaranta, kuma mutane ba sa ɓoye fuska a gaban yarinyar da ba ta magana. Mai sayar da 'ya'yan itace, da takan ƙara mini ayaba, ta fara kallon bayan kaina. Matar da ke ƙasanmu takan ja jikanta ciki in na sauko. An liƙa wata 'yar rawayar takarda irin tasu ta korar aljanu a saman ƙofarmu, Baba ya cire, aka sake liƙawa. Kawu ne yake kawo mana abin da ake faɗa. Da farko an ce baƙin sun zubar da tokar kakanni. Bayan 'yan kwanaki an ce sun fasa kaskon. Kafin hutu ya ƙare an ce sun karya katakon sun yi girki da shi, sun yanka dabba a baranda sun shafa jinin a bango.

Umma ta ce, “Kazar da ita ta kawo?”

Kawu ya ce, “Kaza ya zama akuya yanzu, Hajiya. Ki ba shi mako ɗaya zai zama raƙumi.”

Babu wanda ya yi dariya. Umma ta so ta je ta ga Apo. Ta dafa dambun nama, ta sa ni na koyo kalmar ban haƙuri ta Sinanci a wurin Ustaza, ta yi ta maimaitawa a kicin har ta zauna mata. Muka je dogon benen nan, mai gadi ya hana mu shiga. Muka tsaya a bakin titi muna kallon tagogi, duk iri ɗaya, ba mu san wacce ce tata ba. Umma ta faɗi kalmar sau ɗaya, a hankali, ta ajiye kwanon a gindin ƙofa muka juya.

Baba ya koma yawon neman gida. Ya bi lungunan Huanshi, ya je har wajen kasuwar Baima. Labarin ya riga shi zuwa ko'ina. Da yamma sai ya dawo ya zauna ya cire takalmi, Umma ba ta tambaya. Wata rana dai ya dube ni ya ce, “Uwata, meyo.” Ya so ya mai da shi wasa, bakinsa ya ƙi.

Ranar da na je sallama da Ustaza, na yi tambayar da ban taɓa yin irinta a aji ba. Na ce, “Matan Wandalawa fa, ina suka je?” Ta ce an ce da yawansu sojojin da suka ci su da yaƙi ne suka aure su. Na ce, “To ba su gaya wa 'ya'yansu yadda abin ya faru ba?” Ta ce wataƙila sun gaya musu. Ta gyara mini ɗankwali ta ce, “Amma 'ya'yan sun tashi da sunan ubanninsu.”

Muka dawo Kano ni da Umma. Baba ya koma masauki, cikin kwalaye, kamar yadda ya faɗa tun ranar farko. Ya yi shekaru a haka, yana zuwa da Babbar Sallah ya koma. A waya na ba shi labarin jarrabawata, a waya aka nemi aurena. Duk zuwan da zai yi sai na ga furfura ta ƙaru, ya kuma koyi cin abinci a tsaye, da sauri, ko a gidansa. Bai taɓa ɗora wa Umma laifi ba, ko sau ɗaya. Da ma ya yi, da ta sami wanda za ta yi wa gardama.

Ban manta da Apo ba, kuma ban taɓa cewa ba a yi mata ɓarna ba. An yi mata, a gidanta, da hannun matar da ta yi jinya. Abin da samari masu sanduna suka kasa, Umma ta yi shi da soso da kyakkyawar niyya kafin azahar. Wannan gaskiya ne. Kazar ma gaskiya ce, da turaren Barno, da dambun da muka bari a bakin ƙofa. Sai dai su labarinsu bai yi tafiya ba.

Shekaru bayan haka, Baba ya riga ya rasu, wani saurayi ɗan ƙanwar mijina ya dawo daga Guangzhou ya zo gaishe mu. Umma tana gidana a lokacin. Yana cin shinkafa yana ba mu labarin garin, yadda 'yan Afirka suka cika shi, da wahalar samun haya. Ya ce akwai ma wani lungu a bayan Huanshi da har yau tsofaffin wurin ba sa ba baƙar fata gida.

Ya ce, “Kuma wallahi, Hajiya, namu ne suka ja mana. Wasu 'yan Kano ne tun farkon zuwa. An ba su gida, suka farfasa wurin bautar mai gidan, wai su masu addini. Har wuta suka sa. Kowa ya san labarin, Sinawa da namu. In sabon zuwa ya sauka da shi ake ja masa kunne.”

Na buɗe baki, Umma ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Ta ce, “Ɗan nan, tsohuwar fa? Ta daɗe bayan nan?”

Ya ce, “Wace tsohuwa?”

“Mai gidan.”

“A'a, Hajiya, ai namiji ne. Wani attajiri. Babu wata tsohuwa a labarin.”

Umma ta gyaɗa kai. Ta ce masa ya ƙara miya. Da ya gama ta tattara kwanukan da kanta, ta hana ni taɓawa, ta shiga kicin. Na bi ta na tsaya a bayan ƙofa. Ta buɗe famfo, ta ɗauki soso, ta tsaya tana kallonsa, ruwa yana ta zuba.